Igiyar Nomau da Randunan Tsahara

Ku rage muryar radiyon nan, na ji abin da ya ce. Wai za a ƙara wa masu shiga jirgin sama kuɗi don a gyara filin jirgi. Kuna ta dariya, kuna cewa ina ruwanmu, mu da ko ƙofar filin jirgi ba mu taɓa gani ba. To ni ban yi dariya ba. Na taɓa jin irin wannan magana da kunnena a nan Tasawa, kuma ita ta raba ni da sana'ata. Masu jirgi ma nasu da sauƙi, tunda ba wanda zai tsaya bakin hanya ya ɗaga wa jirgi hannu. Mu namu fasinjan ƙafa gare shi, in ka matsa mashi a ƙofa sai ya zagaya ta baya.

Ni ne Sanda mai lodi, in akwai wanda bai sani ba a cikinku. Tun ban fara aske gemu ba nake ɗaura kaya a saman mota, a ƴar tashar motocin ƙauye da ke ƙasan gawo. Ku ƴan kabu-kabu, da kun yanki robar tsohuwar taya kun naɗe buhu a bayan babur sai ku ce kun iya ɗauri. Jiya na ji wani cikinku yana cewa, lodi kuma har wani aiki ne, ba jifa da kaya sama ba ne kawai? Kayya! Allah ya shirye ku. Ku matso ku ji.

Ranar da na fara, wani ɗan guntun tsoho mai suna Nomau aka kai ni wurinsa, mutumin wajen Attantane, kunnensa ɗaya ba ya ji. Shi ne babban mai lodi a lokacin. Ina zuwa na ga buhun gero kusa da mota, don in nuna ƙarfi sai na sungume shi zan kai sama. Ban ankara ba na ji bakin igiya a bayan hannuna, tsau!

Ya ce, "Ajiye! Wa ya aike ka?"

Na ce, "Baba, ba lodi za a yi ba?"

Ya ce, "Ka ga kayan duka? Ka san abin da ke cikin ƙunshin waccan matar? Ka san ko mai ƙofar ƙarfe yana tafe? Jaki ma ƙarfi gare shi, amma ba a ba shi igiya ya ɗaure kansa."

Abin da ya fara koya mani ke nan, kuma shi ne sana'ar gaba ɗaya. Lodi sau ɗaya ake yin sa. Sai mota ta cika, kowa ya karɓi tike, an baje kayan kowa a ƙasa. Ka zagaya su, ka taɓa, ka ɗaga, ka tambayi masu su. Sai ka gama ginin a cikin kanka kafin ka taka taya ka hau. Mai nauyi a ƙasa, buhunan gero da na wake a kwance, wannan ya danne gaɓar wancan. Jarkar isansi, man mota ke nan, ba ta hawa kan abinci ko da mai ita zai yi rantsuwa ba ta yoyo. Mai fashewa shi ne na ƙarshe, a can sama inda ba abin da zai danne shi. In ka karkata nauyi gefe ɗaya, direba zai gane a yashin farko, wataƙila kuma ya gane mota tana kwance.

Na daɗe ina miƙo kaya daga ƙasa kafin Nomau ya yarda in hau sama, na kuma daɗe a sama kafin ya bar ni in taɓa igiya. Ba ya yabo. In ka yi daidai sai ya tofar da goro ya wuce, in ka yi kuskure sai ya sa ka sauke komai gaban fasinjoji ana kallonka, rana tana dukanka, direba yana zagi.

Akwai wani lodi da ba na mantawa. Mutanen wani ƙauye suka sayi kwanon rufi da ƙofar ƙarfe na masallacinsu, ga awaki a ɗaure, ga keken ɗinkin wani tela, duk mota ɗaya. Bakin kwano wuƙa ne, kafin a kai rabin hanya ya gama cin igiya. Nomau ya sa na yanko gutsattsarin taya na sa duk inda igiya ta gogi ƙarfe. Awaki muka yi masu gurbi a tsakanin buhuna, muka sassauta ɗaurin ƙafa yadda jini zai bi, don akuyar da aka matse da rai take tashi amma ba ta sauka da rai. Keken ɗinki muka cire kansa, tela ya rungume shi a ciki. Da motar ta dawo washegari direba ya ce ko tsinke bai motsa ba. Ranar ce Nomau ya miƙo mani ɓarin goronsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Raga, tamfol don ruwa, ƴar wuƙa, sai igiya. Amma igiya suna ta tara. Ta leda santsi gare ta, rana tana gasa ta ta tsinke ba sallama. Ta kaba tana da arha, ba ta jure gogayya. Nomau da hannunsa yake tufka tasa da rama, doguwa, kaurinta kamar babban yatsa, yana shafa mata kitse lokaci lokaci har ta yi baƙi tana ƙyalli. Kuma yana da ƙulli nasa na kansa, wani zarge da yake juyawa ya soke wutsiyar ta hagu. Duk girgizar hanya ƙara kama shi take yi, amma in an isa, wutsiyar nan kawai za ka ja, kaya su saki. Masu saukewa a Mayahi da sun ɗaga kai sun ga ƙullin sun san daga hannun da ya fito. Da ciwon ajali ya kama shi, ƴaƴansa suka raba gona, ni ya aiko mani da igiyar.

To, a cikin masu kawo mani kaya akwai Inna Tsahara, maginiya, daga wani ƙauye bayan Korgom. Randuna take ginawa da tuluna da tukwane, ta ɗoro su a amalanke har Tasawa, daga nan ta hau mota zuwa kasuwar Mayahi, don can ƙasar yashi ce, randa tana daraja. Ɗanta ya tafi Libiya shiru, matarsa ta sake aure, aka bar mata jikoki. Da yumɓun nan take ciyar da su. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kaya sai ni. Tun daga ƙofa za ka ji muryarta.

"Ina Sanda? Sanda, ka fasa mani randa yau, kai zan cusa a wuta in gasa!"

In ce, "Haba Inna, ni ai rana ta riga ki, na gasu tuntuni."

Ɗaurin randa shi ne ƙarshen sana'a, wanda ya iya shi ya gama. Kafin ka ɗaga sai ka ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa a gaban mai ita. Lafiyayya tana amsawa garau, mai tsaga muryarta a dishe take, sai ka nuna tun a ƙasa don kada a ce kai ne. Sannan ka shimfiɗa buhuna su zama gado, ka naɗa gammon harawa, ka kifa randa a kai bakinta ƙasa. Tsakanin wannan da wannan ka cusa ƙaiƙayi. Nomau yana cewa yumɓu ba ya son ɗan'uwansa, in suka haɗa jiki a hanya sai ɗaya ya kashe ɗaya. Igiya kuma ba ta bi ta kan ciki, sai ta kafaɗa, inda ka sa tsumma. Ka matse da yawa ka fasa da hannunka, ka sassauta hanya ta fasa maka. Shekara da shekaru ina ɗaure wa Inna Tsahara, ko kasko bai taɓa tsagewa ba. Kowace sallah sai ta kawo wa iyalina sabon tulu.

Yanzu ku ji yadda tashar take, don kada ku ce ina ƙin gyara. Da damina tafki ce. Mota tana kafewa a tsakiyar tasha mu taru mu tura, fasinja ya tuɓe takalmi kafin ya kai gare ta. Ba rumfa sai inuwar gawo, shi kuwa gawo kun sani, da damina yake zubar da ganye. Mata ba su da wurin kewayawa. Kowa ya san wurin yana son gyara. Shi ya sa ranar da sarkin tasha, Alhaji Labo, ya tara mu ya ce za a ƙara kuɗin shiga, kowane fasinja ya biya a ƙofa, kowane kaya ma da nasa, a tara a yi daɓe da rumfa da makewayi, ba wanda ya ce a'a. Aka ɗinka mana riguna masu lamba, jile, muka sa muna taƙama. Aka kuma kafa doka: duk mai lodin da aka kama yana ɗaura kaya a wajen tasha, ya ajiye jilensa.

Da shekarar lafiya ce, da mutane sun yi gunaguni sun biya. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shekarar nan ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai, ɗan abin da ya tsira tsutsa ta bi zangarniya ta cinye. Tun kafin sanyi ya wuce rumbuna suka fara ƙara in an buga su. Mutumin da ya sayar da akuyarsa don ya sayi tiyar gero, kai ka ce ya biya kuɗin daɓe? Sai mutane suka daina shigowa. Suka koma bakin hanya, wasu bayan lekwal, makarantar boko, wasu gaba da masu sayar da isansi, wasu can bayan gari ƙarƙashin itatuwa. Direbobi su ma ba wawaye ba ne. Sai su fita tasha da mutum kaɗan, su bi hanya suna tsinta.

Ku kuna ganin ai duk ɗaya ne, an dai shiga mota. Ba ɗaya ba ne. Motar da ke tsintar fasinja a hanya ba a yi mata lodi sau ɗaya. Wanda ya fara tsayar da ita nasa ne a ƙasa, ko ƙwai ne. Wanda ya zo ƙarshe nasa ne a sama, ko siminti ne. Ba mai ganin kayan duka, ba mai ginin komai. Muna zaune a tasha da jile da igiya, muna jin labarin abin da ke zubewa a hanya.

Wata safiya, jajibirin kasuwar Mayahi, ina zaune sai na hango Inna Tsahara tsaye a bakin ƙofa ta waje. Ba ta yi kiran nan nata ba, hannu kawai ta ɗaga mani. Na je. Ta rame har na ji kunyar kallonta.

Na ce, "Inna, lafiya? Ina kayan?"

Ta ce, "Suna bayan gari. Sanda, ban taɓa gasa randuna masu yawan waɗannan ba. Tunkiyata na sayar na sayi itace na biya amalanke. In na shigo da su nan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka karɓi na ƙofa, wallahi abin da zai saura bai isa sayen geron da zai kai mu damina ba. Yaran nan ganyen tafasa suke ci ba gari. Ka zo ka ɗaure mani."

Na ce ta jira. Na tafi wurin Alhaji Labo, na durƙusa. Na ce, "Alhaji, tsohuwar nan ka san ta, ta fi wasu direbobinmu daɗewa a tashar nan. A ɗaga mata na yau."

Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Ya ce, "Sanda, in na ɗaga wa Tsahara yau, gobe duk mutanen Korgom sunansu Tsahara. An fara zuba tsakuwa, masu aiki suna jira. Ka ba ta haƙuri."

Na ce, "To a bar ni in fita in ɗaure mata."

Ya ce, "Ranar da masu lodi suka fita, tasha ta mutu. Ka san doka."

Na san doka. Na koma na ɗauki igiyar Nomau na rataya a kafaɗa, na fita ta ƙofar da kowa ke gani, don ni ba ɓarawo ba ne.

A bayan gari na iske ta da randunanta jere a ƙasa, masu kyau, jajaye, har da zanen farar ƙasa a wuya. Na ƙwanƙwasa su duka, kowace ta amsa. Motar da ta samu wata tsohuwar bas ce, direban baƙo, ba ɗan tasharmu ba. Ina ɗaga kai na ga samanta kusan wayam. Ba buhunan da za su zama gado, kuma motar da samanta ke wayam yunwa take ji.

Na ce, "Maigida, akwai sauran kaya a gaba?"

Ya ce, "Babu, tsoho. Daga nan sai Mayahi."

Na ce, "Ka dubi Allah. In za ka ƙara, faɗa mani in bar maka wuri a ƙasa."

Ya ce, "Wallahi babu. Yi sauri, rana tana yi."

Na sayi harawa na shimfiɗa mai kauri, na aza tabarmar Inna a kai, na kifa randunan ɗaya bayan ɗaya, na cusa ƙaiƙayi har hannuna ya yi ƙaiƙayi shi ma. Direba ya miƙo mani robarsa, na ce ya riƙe abinsa. Da igiyar Nomau na ɗaure, na bi kowace kafaɗa, na yi ƙullin na soke wutsiya. A duk rayuwata ban yi ɗaurin da ya fi wannan ba. Na nuna wa direba wutsiyar, na ce in an isa nan kawai zai ja, ya ba Inna igiyar ta dawo mani da ita. Ya ce to, idonsa yana kan hanya. Inna ta kwance bakin zanenta za ta ba ni wani abu, na ce ta bari sai ta dawo.

Ina komawa na iske Alhaji Labo tsaye a ƙofa, labari ya riga ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sanda, ni na kafa dokar nan gaban jama'a, ba ni iya taka ta. Cire." Na cire jilen na ninke na miƙa mashi. Abokan aikina kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina ba komai, in dai randunan sun isa, an ci riba.

Bayan kasuwa ta watse da kwana biyu, ina zaune ƙofar gida aka yi sallama. Inna Tsahara ce, ba kaya a kanta, sai wani ƙunshi a hannu. Ta zauna a ƙasa ta kwance shi. Igiyar Nomau ce, gunduwa gunduwa.

Ta ce ba su yi nisa ba suka iske mutane da buhunan wake a bakin hanya. Mota ba ta cika ba, isansi da tsada, direba ya tsaya. Ta yi ta roƙonsa, ya ce ita za ta biya mashi kujerun da ba kowa? Ya hau sama, ya dubi ƙullin, bai ko nemi wutsiyar ba, ya zaro wuƙa. Ya tura randunan gefe ɗaya suka haɗa jiki, aka jefa buhuna, wasu a gefe wasu a kai, ya naɗe da roba. Daga nan suka hau burji, hanyar tsakuwa mai gargada.

Ta ce, "Ina ciki ina jin su, Sanda. Ƙas, sai can kuma ƙas. Ni na gina su, na san muryar kowace. Ina ta cewa a tsaya, ba wanda ya ji."

Da suka isa Mayahi, ƙaiƙayi da tsingaro aka sauke mata. Direba ya ce tsautsayi ne, ya ja motarsa. Ita kuma ta bi ƙasa tana tsintar igiya.

Ta ce, "Na ji an karɓe maka riga saboda ni. Ga igiyar maigidanka kuma. Ka yafe mani."

Jama'a, tsohuwar da ta rasa abincin jikokinta ita ke ba ni haƙuri a kan igiya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar nan ba, har da ranar da muka binne Nomau. Na shiga gida na auno mata ɗan geron da muke da shi, ta karɓa don ba ta da halin ƙi.

Kafin ruwa ya sauka na ji ta kwashi jikokin sun yi arewa, wai Agadas, wurin wanke-wanke a gidajen mutane. Na tambayi masu amalanken Korgom ya fi a ƙirga. Sun ce ramin da take gashi yashi ya cike shi, gidan kuma dangarsa ta faɗi. Har yau ba wanda ya kawo mani labarinta.

Tasha kuwa an gyara ta, kada ku ce an ci kuɗin. Ku je ku gani. Daɓe sumul, rumfar kwano, makewayi na maza da na mata, har da fenti. Awakin unguwa suna jin daɗin inuwar ƙwarai. Daga baya an rage kuɗin ƙofa, amma ƙafar da ta koyi bakin hanya ba ta dawo ba. Alhaji Labo da kansa ya aiko a ce in zo in karɓi jilena. Na je na gaishe shi, muka zauna a ƙarƙashin sabuwar rumfa tun hantsi har azahar, mota ɗaya ta tashi, katifa kaɗai a samanta. Na ce, "Alhaji, in karɓa in ɗaure me?" Na bar mashi jilen na taso. Shi ya sa kuke ganina nan ina tufka igiyar ɗaure awaki ina sayarwa.

Kai mai jar hula, kai ne ka ce lodi jifa da kaya ne, ko? Miƙo mani jakar nan. Ga shi, wannan guntun ne ya fi tsawo cikin abin da ta tsinto. Dubi nan, wuƙa. Dubi nan ma, wuƙa. Ga ƙullin a tsakiya, yadda na yi shi da safen nan, duk tafiyar bai motsa ba. Ga wutsiyar a hagu, ko ƙaramin yaro ya ja ta sai ta saki.

A'a, ɗauke hannunka. Kada ka ja. Shi ne na ƙarshe da na ɗaure.